Kada Ku Tashe Su

Manzo ya soka hauya a ƙasa, ya ɗago, ya shinshina. Warin man gazuwal na nan kamar jiya aka zuba. Wata uku ke nan da motar dakon mai ta kife a bakin gonarsa, kan hanyar Tanut. Masu jarka suka kwashi rabonsu, ƙasa ta shanye saura. Wurin ya yi baƙi ƙirin, ko tururuwa ba ta ratsa shi. Ga shi gangaren gonar ya nufi rijiyar gari. In ruwan farko ya sauka a haka, kowa ya san inda man zai dosa.

Yagana, ma'aikaciyar muhalli da aka turo daga Damagaram, tana tsaye kusa da amalanke biyu na kashin shanu da ɓawon gyaɗa.

"Baba, aikin ba wuya," in ji ta. "A cuɗa wannan da ƙasar, a riƙa yayyafa ruwa, a juya duk mako. Mikrob za su cinye man."

Manzo ya sauke hauya. "Me kika ce za su cinye shi?"

"Mikrob."

Da ta san garin, da ba ta furta kalmar ba. Bara amai da gudawa ya ɗauki mutum bakwai a nan, ta huɗunsu Kadi, matar Manzo ta shekara talatin da ɗaya. A bakin ƙofa likita ya gaya masa cewa mikrob ne. Faransancin Manzo ke nan duka, kalma guda, kuma har yau tana yi masa ciwo.

"Juya da kayanki, 'yata. Abin da ya kashe mini mata, ba ni yi masa shimfiɗa a gonar ubana. Wuta zan sa wa wurin."

"Wuta ba ta kai ga man da ya nutse, Baba. Su kaɗai za ta kashe."

"Su mutu."

Ta koma Hausa don ta gyara, ta ce ai ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Garin gyaran gira ta rasa ido.

"Kin faɗa da bakinki," in ji shi. "Cuta."

Duk da haka baƙo baƙo ne. Bayan azahar ya sa aka kawo mata tuwo a gindin aduwa, ya zauna gefe yana ba ta haƙuri.

"Miyar sai a hankali. Tun da Kadi ta tafi ba mu ƙara cin daddawar kirki ba."

"Ita take yi?"

"Daddawar batso. Har daga Gangara ake aiko saye." Muryarsa ta sake. "Ta dafa gurguzu, ta daka, ta rufe a tukunya, ta lulluɓe da tsumma a lungun ɗaki. Kwana da kwanaki ba mai taɓawa. In yara suka cika surutu sai ta ce, 'Ku yi a hankali, kada ku tashe su.'"

Yagana ta ajiye lomar da ta ɗauka. "Su wa?"

Shekara talatin da ɗaya Manzo yana jin maganar, bai taɓa tambaya ba.

"Baba, su ne. Waɗanda suka ɗauke ta daban, waɗanda suke yi mata daddawa daban. Suna kawai ya haɗa su. Na gonarka ma ba ni na kawo su ba, suna cikin ƙasar tun zamanin ubanka. Yunwa suke ji, da ƙishirwa."

Manzo ya daɗe yana duban gabas, inda hadari ya fara leƙowa. Sannan ya tashi ya nufi gida. Yagana ta ɗauka shi ke nan, ta ce wa masu amalanke su ɗaura jakunansu.

Ba su gama ba sai ga shi daga wajen rijiya, da tulu a kafaɗa. Masu amalanken suka dubi juna. Tulun Kadi ne, wanda ya hana kowa taɓawa tun ranar jana'iza.

"Ku sauke," ya ce.

Suka kama aiki da shebur, suna cuɗawa suna gardamar kokawa da ƙarfi. Manzo ya durƙusa a bakin baƙar ƙasar, ya yi bisimilla, ya fara yayyafa ruwa da tafin hannu. Bai ɗago kai ba.

"Ku yi a hankali," ya ce musu. "Kada ku tashe su."