Irin Dankalin Yalomanda

A shekarar da raɓa ta daskare a kan tsaunin Yalomanda, Nandame ta fita gona da safe ta tarar ganyen dankalinta ya yi baƙi kamar an bi shi da wuta. Ta tona kunya ɗaya, dankalin ya riga ya fara ruɓewa. Ta tona wata, haka. Babu gonar da ta tsira a ƙauyen, kuma mutanen Yalomanda ba su da wani abinci sai dankali, su da aladunsu.

Jirgin mishan ne ya riƙe su. Fasto Yapao ya yi ta kira a oba-obar coci, wato rediyon sadarwa, har aka amsa, ƙaramin jirgin ya riƙa sauka a filin ciyawa na bayan makaranta da buhunan shinkafa da kifin gwangwani. Ana rabawa kowa, mai zuwa sujada da wanda bai taɓa leƙa cocin ba. Sai dai irin shuka ya mutu tare da gonakin.

"Jirgin nan wayam yake komawa," in ji Fasto wata Lahadi bayan an tashi. "Na yi magana da 'yan'uwanmu na cocin Kwimbe, can cikin kwari. Sanyin bai kai musu ba. Sun ce a turo mace ta yanko yaɗon dankali. Nandame, ke za ki."

Mijinta Kiponge ya yi dariya. "Wannan? Ko gadar igiya sai ta rufe ido take hayewa."

"To kai mai buɗe ido je ka zaɓo mana," in ji ta. "Mu ga ko za ka bambanta dankali da ciyawa."

Ta shiga jirgin da jakar saƙarta a baya, igiyarta rataye a goshi. Tun daga tashi har sauka ƙafafunta take kallo.

Matan Kwimbe sun karɓe ta hannu bibbiyu, suka zagaya da ita gonakinsu. Dankalinsu mai faɗin ganye ne, ɗan ƙasar zafi, ta kuma san da wuya ya jure sanyin tsauni. Duk da haka ta yanka, ta yi godiya, don babu wani. Sai wata daga cikinsu ta ce akwai wata 'yar tsauni da ke zaune a bayan asibitin mishan, nata dankalin daban ne.

Tun daga bakin shinge Nandame ta gane shi: ƙananan ganye, jan kara, irin da uwarta take shukawa. Sannan mai gonar ta ɗago kai, ta gane ta ita ma. Tekla ce, ta dangin hayin rafi, wadda suke ɗiban ruwa tare tun suna 'yanmata. Shekarun baya an yi faɗa a kan iyakar gona, mazan dangin Kiponge suka ƙone gidajen hayin rafi, mijin Tekla ya mutu a ciki, ita kuwa ta gudu da 'ya'yanta. Babu wanda ya san inda ta nufa.

"Kin tsufa," in ji Tekla.

"Ke ma ba yarinya kika koma ba."

"Kiponge yana raye?"

"Yana nan."

"Yana cin shinkafar mishan?"

"Yana ci, yana ƙorafin ba ta riƙe ciki."

Tekla ta zauna a bakin kunyar dankali. Ta ce ranar da suka gudu ta cikin gonarta ta bi, ta fizgi yaɗo cikin hannu ta cusa a jaka ƙarƙashin jaririnta. Shi take ta sake shukawa har yau a wannan gangaren mai inuwa, ba ya wani yi mata 'ya'yan kirki.

Nandame ta ji kunya ta rufe ta. "Ban san ke ce ba, 'yar'uwa. Da na sani da ban shigo ba. Bari in koma."

"Zauna." Tekla ta ɗauko wuƙa ta shiga yanka. "Nan wahala kawai yake sha, ƙasar can yake so. Amma da sharaɗi. In kin koma ki tsaya a coci ki faɗi daga hannun wa ya fito. Ki kira sunana, ki kira sunan mijina. Ba a kunnen Fasto ba, a gaban kowa."

Suka yi ta yanka har jakar ta cika, suka naɗe yaɗon a jiƙaƙƙen ganyen ayaba. Tekla ta raka ta bakin shinge, daga nan ta juya.

Ranar Lahadi Nandame ta miƙe bayan wa'azi. Ta ce irin tsauni da ta kawo na Tekla ne, matar Lakaiyo wanda ya mutu a gobarar hayin rafi. Yayan Kiponge ya tashi ya fita, wasu maza suka bi shi. Kiponge bai tashi ba, ƙasa kawai yake kallo. Fasto ya ce ba a tilasta wa kowa, mai so ya zo ya karɓa.

Mata suka zo, har da matar yayan, ta ɓoye nata a cikin zane. Washegari Kiponge ya riga Nandame zuwa gona, ta tarar yana ɗaga kunyoyi.

Na Kwimbe yawancinsa ya yi rawaya ya tsaya. Na Tekla ya kama, aka riƙa yanka daga gona zuwa gona, jirgin kuma ya ci gaba da kawo shinkafa har aka fara tono. Tekla ba ta dawo tsauni ba, ba a kuma yi zaman sulhu ba. Da Fasto ya aika mata cewa irin ya kama, sai ta aiko da amsa cewa ta ji, kuma a gaya wa Nandame ta daina cunkusa shi, yana son sarari.