Na Rakiya Na

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, Attahiru da Labbo suka ci bashin injin ban ruwa wurin wani Alhaji a Jega, su yi noman albasa tare. Attahiru ne ya jinginar da fadamarsa. Labbo kuwa baki ya sa, kuma dama shi ne jarinsa.

Da albasa ta yi kyau, Labbo ya kwashe injin da amfanin ya kai gidansa a Aliero, ya ce tarayya ta ƙare. Alhaji ya ce wa Attahiru ko kuɗi ko fadama.

Attahiru ya kai ƙara Jega. Alƙali ya ce Labbo ya biya rabinsa, in ya ƙi a kama kayansa. Labbo ya fito kotu yana gyara hula kamar shi ya yi nasara. Ya ƙi biya, mana.

Ran kamu, masinjan kotu ya zo da Attahiru da mai unguwa. Labbo ya tarbe su da fara'ar da ba ta da kunya.

Masinja ya nuna injin. "Wanga hwa?"

"Na matata Rakiya na."

"Rumbun albasag ga?"

"Na Rakiya na. Awaki ma nata na. Ni ko tabarma ban da."

Ya rantse, ya ƙara rantsewa, ba wanda ya nema. Ya san kotu ba ta taɓa dukiyar mace don bashin miji. Attahiru ya ga fadamarsa za ta tafi, ga shi ita ce abincin gidansa.

Sai murya ta fito daga bayan zana. Rakiya ce, wadda tun da aka fara shari'ar ta daina zuwa suna da biki, saboda matan unguwa na kiranta matar macin amana.

"Mai unguwa, kun ji da kunnenku ya ce kayan nawa na?"

"Mun jiya."

"To, na ba Malam Attahiru injin. Albasa kuma a kai Jega a saida, a biya Alhaji."

Fara'ar Labbo ta zube. Mutumin da ko tabarma ba shi da ita ya yi tsalle ya rungume rumbu.

"Ke! Wa ya ba ki? Wahalata ta! Albasata ta!"

Masinja ya taka zuwa bakin rumbun, bai ko ɗaga murya ba.

"Labbo, tsaya in gane. In tata ta, ta bayas. In taka ta, kotu ta kama. Wanne za ni hwaɗa ma alƙali?"

Labbo ya buɗe baki, ya dubi zana, ya dubi mai unguwa. Karon farko a rayuwarsa bakin ya ƙi yi masa aiki.

Rakiya ta ce wa mijinta, "Malam, matsa musu su wuce. Kana tare min ƙohwar rumbu."