Ɗinkin Kan Inji

Auta ne ya fasa kan injin, kuma ya rantse wa ubansa bai taɓa motar ba. Tela ya san ƙarya ce, don shagonsa na jingine da garejin tsohon bakaniken, uban Auta. Lokacin da tsohon ke kwance a asibiti, Tela da idonsa ya ga Auta ya dawo da jar motar nan mai kujera biyu tana tururi, ya ɗebo ruwan sanyi a bokiti ya sheƙa wa injin. Ƙarar da ƙarfen ya yi, sai da Tela ya tsayar da keken ɗinki.

Yanzu ga kan injin an sauke a kan tebur, ga tsohon zaune gabansa, ƙafafu a kumbure. Ya sa farce ya kankare wani baƙin abu, sai ga tsaga tsakanin ramukan bawul biyu, siririya kamar gashi.

"Gam," in ji shi. "Ɗan bakanike guda, ya liƙe inji da gam kamar takalmi."

Auta ya ce, "Baba, tsufa ne kawai. Motar nan ta girme ni. Ɗan gwangwan ya ce zai kwashe ta gaba ɗaya."

"Ni ma na girme ka. Ya ce zai haɗa da ni?"

Babbar 'yarsa, wadda kowa ke kira Yaya, ta ajiye masa magani. "Baba, likita ya ce ko guduma kada ka ɗaga."

"Zuciyata ya ce ta gaji. Bai ce hannuna ya mutu ba."

Irin wannan kan injin an daina ƙera shi tun kafin a haifi Auta. Mai walda ya zo ya duba, ya ce wuta sai dai ta ƙara tsagar. Tsohon ya ƙwala wa Tela kira ta katanga.

"Mai allura! Zo ka riƙe min, ka ga yadda ake ɗinke ƙarfe."

"Ni fa yadi na sani."

"Yadin ma ba ka iya ba, dubi aljihuna. Riƙe nan."

Tsohon ya huda ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba. Ya murɗa siririyar kusa mai zare a ramin, ya yanke kanta, ya huda na gaba ya ɗan ci gefen na farko. Haka, ɗaya bayan ɗaya. In numfashi ya sarƙe shi, sai ya kifa goshi a kan tebur, Tela na riƙe da ƙarfen har ya ɗago. Aikin yini ya ci musu kwanaki.

Wata rana Tela ya kasa haƙuri. "Maƙwabci, akwai abin da na gani."

"Riƙe abinka. Ƙarfen ya riga ka faɗa. Tsufa ba ya tsaga haka, ruwan sanyi ne. Ina jira ne ya faɗa da bakinsa."

Auta bai faɗa ba. Kullum zai wuce ta ƙofar garejin, ya gaishe su, ya yi gaba.

Ranar da aka mayar da kan injin, tsohon bai iya ɗaure noti ba. Tela da Yaya suka ɗaure, yana nuna musu wanne ke bin wanne. Yaya ta murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta sake, ta kama. Tsohon ya sa aka matso da shi, ya leƙa bakin lagireto, tankin ruwan injin, ya daɗe. Ruwan na kwance, ko kumfa ɗaya babu; ɗinkin ya riƙe.

"Auta, kana da magana?"

"Babu, Baba."

"To. Yaya, motar taki ce. Kyauta ce, ina raye, da hankalina, Tela shaida. Wannan kuwa kada ya sake zama a ciki."

Washegari da hantsi, Tela ya ji kukan Yaya ta katanga. Ya ajiye almakashi, ya san tsohon ya cika.

Yaya ba ta saɓa wa maganar ba. Kowace safiya tana fitowa da jar motar, hular uban na kan kujera ta biyu. Auta ne ke buɗe mata ƙofar garejin, ya rufe, sannan ya tafi aikinsa a ƙafa.