Askin Suna a Ɗakin Jarirai

Wata tsohuwa ta cafke hannun rigar likitan tun bai gama wanke hannu ba.

"Kai ne likitan da aka ce Bahaushe ne?"

"Ni ne, Hajiya. Jibril."

"To ni Ƙaltume ce, daga unguwar Al-Sih, nan Madina. Jikana ne a kwalbar can. Yau bakwai, an yanka rago, an raɗa masa Hamid, wai aski mamnu'u ne, an hana. Wannan wane irin mustashfa ne, asibiti ba aski?"

Farfesa Jibril ya san yaron. Ya zo duniya bai yi kuka ba, ƙwaƙwalwarsa ta rasa iska. An sanyaya jikinsa don a rage ɓarnar, yanzu kansa duk wayoyi ne masu nuna ko farfaɗiya na taso masa. Zai tashi ko ba zai tashi ba, babu mai rantsewa.

"Ban ce ka raya shi ba, wannan na Allah ne," in ji ta. "Amma in zai koma, kada ya koma da gashin ciki. Kakana da ƙafa ya zo Madina, kuma a gidanmu ba a taɓa tsallake aski ba."

Uban Jibril wanzami ne a Funtuwa. Ya tuna safiyar suna: zabira a kan tabarma, ƙamshin kunun kanwa, mata na guɗa a cikin gida, Baba ya tallafe kan jariri a tafin hagu kamar ƙwai, aska na tafiya ba ƙara. Ko a madiga hannunsa ba ya rawa. A wurinsa Jibril ya fara sanin kan jariri, sauran karatun daga baya ya zo.

Ya kira Dakta Sundus, ɗalibarsa, haifaffiyar unguwar Aƙiƙ, mai jin Hausa tana amsawa da Larabci.

"Yau za a sauya masa wayoyi ko? To in an cire, a aske, a mayar. Ai ma sun fi kamawa a kan da ba gashi."

"Sahih, ya Duktur," ta ce, sannan ta lalubo Hausa saboda tsohuwar. "Amma doka. Aska ba shiga sai shugaban sashe ya ce. Shugaba babu."

Gaskiyarta. Tun da tsohon shugaba ya yi ritaya kujerar take wofi, jami'a na bin Jibril ya hau, shi yana zillewa. Ya ga abin da ta yi wa mai ita: mutum ya shiga yana likita, ya fito bai san komai ba sai taro da neman kuɗin bincike. Shi kuwa hannunsa a cikin kwalba, nan ne daɗin aikinsa. Yau aka ba shi ya faɗi amsa, in ya ƙi a kawo wani daga Riyad.

Ya hau bene wajen mudir, wato daraktan asibiti, Dakta Saif.

"Ka ba da izinin askin nan."

"Ba hurumina ba ne, wallahi. Na shugaban sashe ne." Mudir ya yi murmushi. "Ko kana da wani labari?"

"In na karɓa, yaushe maganata za ta fara aiki?"

"Yanzu."

"To na karɓa. A aske yaron. Kuma daga yau duk wanda ya kai bakwai, in jikinsa zai ɗauka, a yi masa."

"Mabruk! Majalisar jami'a na zaune, kai kaɗai ake jira."

"Bari in sauka in yi askin tukuna."

"Ya Farfesa, kai shugaba ne yanzu. Kana da yara."

Hanyar ɗakin taro ta gaban gilashin sashen ta bi. Jibril ya tsaya. Sundus ta cire wayoyin, ta sa safar hannu, ta ɗauko 'yar askar roba ta asibiti. Ta riƙe ta kamar alƙalami. Hajiya Ƙaltume, cikin shuɗiyar rigar masu ziyara, ta tara hankici tana jiran gashin, bakinta na motsi.

Ya ƙwanƙwasa gilashin. Ya ɗaga tafinsa na hagu, ya lanƙwasa shi, ya nuna wa Sundus inda ƙeya ke zama. Ta gyara. Ya kwantar da yatsunsa na dama: ba a tsaye ba, a kwance. Ta kwantar da askar, gashin farko ya sauka a hankicin.

"Farfesa," mudir ya kira daga bakin lif, "mutane na jira."

"Na ji," ya ce. Sai da ta wuce madiga lafiya, sannan ya juya.