Wankan Tatya Karandikar

A garinmu kowa da abin da yake faɗa a kan Tatya Karandikar. 'Yan kasuwa suna cewa shi ne ya tara yadin Ingila a bakin tasha ya cinna masa wuta, har da rigar aurensa. Malaman makaranta suna cewa duk ɗaurin da Turawa suka yi masa, taurin kai ya ƙara masa. Matarsa kuwa cewa take ya yi wa gwamnati rigima a kan harajin gishiri, alhali bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba. Dhondiba Kamble kaɗai ne ba ya cewa komai, kuma ya fi kowa saninsa.

Ni a kurkuku na san su biyun. Maginin tukwane ne ni, an kwashe ni cikin masu zanga-zanga, na girma ban san ko harafi ɗaya ba. Tatya ne ya koya mini karatu da gawayi a jikin bango. Dhondiba kuwa shi ya tare sandar ɗan sanda da kafaɗarsa ranar da aka nufi kan Tatya da ita. Tatya Brahmin ne, wato ɗan gidan malaman addini da ake ɗauka sun fi kowa tsarki. Dhondiba ɗan ƙetaren rafi ne, cikin waɗanda ba a yarda a taɓa su ba, balle su ɗebi ruwa a rijiyarmu. A kurkuku babu mai wannan zancen, tukunya ɗaya ake zuba mana.

Da muka fito, Tatya ya yi shelar zai ci abinci a gidan Dhondiba da rana tsaka. Ya kuwa je. Janabai, matar Dhondiba, ta gasa gurasar dawa, ta daka barkono da tafarnuwa. Ya ci, jama'a na leƙe ta kan katanga, jarida ta buga hoton. Tun daga ranar Dhondiba bai sake gayyatarsa ba. In sun haɗu a taron jam'iyya, gaisuwa ce kawai. Abin ya daɗe yana cin Tatya, amma bai taɓa tambaya ba.

Aka sami 'yancin kai. Tatya ya shiga majalisar jiha, ya kawo mana gada da ɗakin shan magani, ya sa aka buɗe rijiyar ga kowa. Ana nan sai wani ɗan masu gonakin rake ya fito takara da mota da lasifika. Ƙuri'un ƙetaren rafi ne za su raba gardama, su kuwa bakin Dhondiba suke kallo.

"Sakharam, raka ni wurin mutumin nan," in ji Tatya. "Kai yana jin maganarka."

"Ni ke jin tasa dai, Tatya."

Muka same shi a gindin darbejiya yana tufka igiya. Ko motsi bai yi ba.

"A'a! Yau majalisa ce da kanta a ƙofar talaka? Janabai, ɓoye akuyar nan kada a sa mata haraji."

"Kai dai bakinka ba ya tsufa," in ji Tatya, ya zauna. "Yunwa nake ji, Dhondiba. Babu gurasa a gidan nan?"

"Akwai. Amma kogi ya ja baya bana, ranka ya daɗe. Ina za ka yi wankan?"

Dhondiba ya ci gaba, hannunsa na kan igiyar.

"Ranar da ka ci abinci a gidan nan ka mance lemarka, na bi ka da ita. Na tarar da kai tsundum a cikin kogi da kayanka, kana addu'ar tsarki. Na tsaya da lema a hannu ina kallo kana wanke girkin matata daga jikinka."

"Uwata ce ta rantse ba zan shiga gida ba sai na yi."

"To, wankan ma da ka kira mai hoto mana."

Tatya ya buɗe baki, Dhondiba ya ɗaga masa hannu. "Riƙe abarka. Duk maganar da aka yi kafin zaɓe, ta zaɓe ce."

Dhondiba bai ce wa kowa ya zaɓi kowa ba. Tatya ya faɗi zaɓen.

Bayan an kwana biyu, masu zarya a gidansa sun watse, ya aiko a kira ni. Muka taka da ƙafa har ƙetaren rafi, yana dogara sanda. Bai tsaya wurin Dhondiba ba, ya wuce ƙofar madafa inda Janabai ke tankaɗe gari. Maƙwabta suka fara taruwa. Bai rage murya ba.

"Janabai, 'yar'uwa, kin yi mini girki da hannunki, na ci, na je na yi wanka kamar na taɓa ƙazanta. Na laƙa wa uwata laifin, amma da ƙafata na shiga ruwan. Ban kyauta miki ba, ban kyauta wa mijinki ba. Ku yafe mini."