Yatsa a Hamatar Baba Badamasi

A waje zafi arba'in da bakwai. A cikin ɗakin da nake aiki, ashirin da biyar ƙasa da sifiri. Ƙofa ɗaya ce tsakani.

Wani sito ne a unguwar Sulay, na daskararrun kaji. Wanda ya kawo ni Riyad cewa ya yi aikin sito ne, bai ce firiza ba. Mu biyu ne Hausawa a wurin, ni da Baba Badamasi, mutumin Gumel, shekararsa tara yana jan kwalaye.

Matsalata da Baba ita ce wayarsa. Ya samu wani shiri a kan Turawan farko da suka je ƙarshen duniya, inda babu komai sai ƙanƙara. Tun daga nan ban huta ba.

"Munzali, ka san jirginsu na katako ne? Ƙanƙara ta riƙe shi wata da watanni. Rana ba ta fitowa."

"To."

"Dasashinsu ya kumbura, haƙora na girgiɗi. Da abinci ya ƙare, karnukan da ke ja musu kaya suka yanka."

"Allah ya sawwaƙe."

"Buhun da suke kwana a ciki, numfashinsu ne ke daskarar da shi. Sai mutum ya yi awa guda yana cusa kansa."

"Baba, su da ƙafarsu suka je. Ni kawo ni aka yi."

Ya yi dariya. "Abin da ya fi ba su tsoro ba sanyin ba ne, ɗan nan. Jiƙewa ce. Zufa ma kawai. Idan ƙafar mutum ta mutu, a cikin rigar ɗan'uwansa yake sa ta, a kan tumbi."

"Ni dai kada wanda ya sa min ƙafa a tumbi."

Ranar Talata tirela biyu suka zo tare. Na fita sallar azahar, ina cikin alwala mudir, wato manajanmu, ya leƙo yana tafa hannu. Yalla, yalla. Na yi sallah a gurguje. Da na sallame na sake tara hannu a famfo, na watsa ruwa a fuska saboda zafi. Ban goge ba. Na zura safar hannu na shiga.

Minti arba'in ina lodi. Da farko yatsun dama sun yi zugi, daga baya suka daina. Na ji daɗi, na ce sun saba.

Da na fito na cire safar, manuniyata ta yi fari, ta yi tauri kamar kyandir. Na matsa, ban ji komai ba. Na cije ta. Kamar yatsar wani.

A gida idan sanyi ya kama hannu, wuta ake nema. Nan babu wuta, amma ga bodin tirela yana shan rana tun safe. Na manna hannun a kai.

"Kai! Ɗauke!"

Baba ne. Ya fizge ni har na yi taga-taga.

"Ban ji zafi ba," na ce.

"Shi ne abin! Naman da ba ya ji, gasa shi za ka yi ba ka sani ba. So kake a yanke ta?"

Ya buɗe riga, ya cusa hannuna a hamatarsa, ya matse. Direbobin tirela suna kallo. Ɗaya ya ɗago waya.

"Baba, sake ni. Ana kallonmu."

"A kalla. Da ƙafa ce, da tumbina za ka samu."

Muna tsaye haka, ina shaƙar zufarsa, har zafin ya dawo. Ban taɓa jin irinsa ba, kamar ana soka min allura ta ƙarƙashin farce. Na zagi kaji. Na zagi wanda ya kawo ni. Baba ya ce, "Alhamdulillahi, tana raye."

A asibiti wata nas 'yar Ilori, Rekiya, ta duba ta ce yatsar za ta zauna. Ƙunar ƙarfen ce ta fi ɓata fatar, in ji ta, da na ƙara minti ɗaya da labari ya canza. Farcen ya fita bayan sati biyu.

Na koma aiki. A bakin ƙofar sito akwai na'urar basma, inda kowa ke dangwala yatsa da safe. Na dangwala, ta yi ja. Na sake, ja. Fatar ta warke sumul, babu zane. Mudir ya ce in kawo ɗaya hannun.

Baba yana bayana, yana miƙo min tawul.

"Goge tukuna. Na gaya maka yadda suke narkar da ƙanƙara su yi shayi?"

"Ka gaya min."

"Ban gama ba."

Na karɓi tawul ɗin.