Hular Kumai Mai Inji

A wani ƙauye da ke bayan Zonkwa, Kumai ne ke ɗaga waƙa a majami'a, domin ba su da molo, ba su da garaya, sai muryarsa. Shekarar da citta ta yi daraja a Kachia, ya sayi injin niƙa, ya kafa shi a wata 'yar rumfar kwano. Mata suka huta da dutsen niƙa, shi kuwa ya wuni cikin ruri daga safe har yamma.

Damina biyu ba su cika ba, sai ya fara jin kamar wani gyare ya tare a kunnensa, yana kuka ba hutu. Wata Lahadi ya ɗaga waƙa, ya rufe ido kamar yadda ya saba, ya yi ta tafiya. Da ya kai Amin ya buɗe ido, sai ya tarar jama'a suna tsakiyar baiti, domin bai ji su ba sam. Dattawan ikkilisiya suka ce idan abin ya sake faruwa, za a nemi wani ya ɗaga waƙoƙin Kirsimati.

Matarsa Lai'atu ta tasa shi gaba har asibiti a Kafanchan. Wata ma'aikaciyar jinya, Malama Hellen, ta leƙa kunnuwan, ta ce ƙarar inji ce ke cinye su. Abin da ya tafi ba lalle ya dawo duka ba, amma ana iya tsare saura. Ta ce ya riƙa cuɗa auduga da kakin zuma ya toshe kunne kafin ya tayar da inji, ya kuma riƙa kashe shi yana hutawa.

Kumai ya yi godiya cikin ladabi. Sai da suka fito ya ce, "Maman Roseline, auduga a kunne? Ai gawa ake yi wa haka. Ina raye za ki shirya ni?"

"Baban Roseline, gawa ba ta gardama. Da ka zama ita, da na huta."

Duk da haka ta san gaskiyarsa. A ƙauyensu, wanda aka gani da farar auduga a kunne, kuka ya rage a yi masa. Ba ta ƙara tayar da zancen ba. Ta ɗauko zaren ulu da ta rage daga ajin saƙa na Zumuntar Mata ta majami'a, ja da kore, ta saƙa hula mai fukafukai biyu da ke saukowa har haɓa. Ta ce audugar ta shiga ciki, hular ta rufa mata asiri.

Ranar da ya fara sawa, rana tana dukan kwano, mata suka yi ta dariya. Gwaggo Asibi, wadda ta girme su duka, ta ce, "Kumai, wa ya haife ka jiya, aka sa maka hular jarirai?"

Ya ga bakinta yana motsi, ya yi murmushi, ya ɗaga mata hannu. Tun da ba ya jin magana sosai, sai ya koma yi musu ishara irin ta majami'a: hannu sama, a kawo dawa, hannu ƙasa, a dakata. Masu goyo kuwa ya kora su gindin mangwaro, nesa da rumfar, ya ce kunnen jariri bai kai nasa tauri ba. Da tsakar rana yakan kashe inji, ya cire hula, ya zauna tare da su.

Gyaren bai tashi gaba ɗaya ba, amma ya rage murya. Ranar Kirsimati Kumai ya tsaya gaban jama'a, ya ɗaga waƙa, idonsa a buɗe, kansa a karkace wajen kunnen da ya fi lafiya. Suka tashi tare, suka sauka a Amin tare. Dattawa suka gyaɗa kai, ba wanda ya sake ambaton neman wani.

A hanyar gida ya matso kusa da matarsa, ya rage murya.

"Maman Roseline, Gwaggo Asibi fa tana baya da layi guda a waƙa. Ko ba ta da lafiya?"

"Tun kafin ka sayi inji take haka. Ka dai manta ne."

Sai ya ce, "To, ki saƙa mini wata hular. Wannan ta fara cin garin dawa."